Sankarar Babban Hanji da Gwajin da Ake Yi Kafin Ciwo Ya Bayyana

Sankarar babban hanji da dubura ita ce ta uku wajen yawa cikin nau'o'in ciwon daji a duniya, kuma ta biyu wajen kisa, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai sama da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da ita, fiye da 930,000 kuma suka rasu. Abin lura game da ita shi ne ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Akasari takan soma ne da wani ɗan tsiro a jikin bangon hanji daga ciki, wanda ba ya zafi, ba ya hana cin abinci, kuma yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Idan aka gano tsiron a wannan tsakani aka cire shi, cutar ba za ta samu wurin zama ba.

A kan wannan aka gina gwajin tantancewa, wato binciken da ake yi wa mutumin da yake jin kansa garau don gano cuta tun tana ɓoye. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce gwajin bahaya, inda ake ɗibar ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaje-gwaje a nemi jinin da ido ba ya gani, ana kuma maimaita shi duk shekara ko bayan shekara 2. Ta biyu ita ce kolonoskofi, wato leƙa hanji da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta dubura bayan an sha maganin wanke ciki, kuma a nan take likita yake iya cire tsiron da ya gani. Wanda aka samu hanjinsa lafiya ba ya bukatar komawa sai bayan shekara 10. Duk wanda gwajin bahayarsa ya nuna jini dole ne a leƙa hanjinsa, in ba haka ba gwajin farkon ya tashi a banza.

A Amurka an daɗe ana fara gwajin daga shekara 50, amma a 2021 aka sauko da shi zuwa 45 saboda yadda cutar take ƙaruwa a tsakanin waɗanda ba su manyanta ba, kuma mutuwar ɗan fim Chadwick Boseman sanadin wannan cuta a 2020 yana da shekara 43 ta ƙara farkar da jama'a. A Ingila kuwa, ta gidan waya ake aika wa mutane kayan gwajin har gida. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa kamuwa ana ba shi shawarar ya fara tun yana da shekara 40, ko ma kafin nan.

A ƙasar Hausa babban abin da ke jawo jinkiri shi ne kalmar basir, wadda ta zama rumbun da ake zuba kowace matsalar ciki da dubura. Mutum zai ga jini a bayan gida, ko cikinsa ya riƙa ɗaurewa yana saki, ko ya riƙa ramewa ba dalili, sai a ce basir ne ko atini, a shiga jiƙe-jiƙen saiwoyi da sayen kwalabe a tasha, wata da watanni, har ƙarin ya toshe hanji. Ga kuma kunya, wadda take hana dattijo ko matar aure ambaton wannan sashe na jiki a gaban baƙo. Basir cuta ce ta gaskiya, kuma ita ce ta fi yawan jawo jinin, amma babu mai iya rarrabe ta da sankara ta hanyar jin bayani kawai. Bambancin lokaci kuwa ba ƙarami ba ne: a inda magani ya wadata, kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka gano cutarsu kafin ta fita daga hanji suna raye bayan shekara 5, alhali idan ta bazu zuwa hanta ko huhu ba sa kai 2 cikin 10.

Nauyi mafi girma yana kan ma'aikatan lafiya na matakin farko, domin su ne majiyyaci yake fara gani, kuma mutane sun fi yarda su yi gwaji idan malamin asibitin da suka saba da shi ne ya faɗa musu baki da baki. Wanda ya zo awon hawan jini ko ciwon suga yana da shekara 45 ko fiye, ya kamata a tambaye shi tarihin danginsa da yanayin bahayarsa, cikin sirri da lafazi mai mutunci, mace kuma a haɗa ta da ma'aikaciya idan hali ya yi. Ƙarancin jini a jikin namiji baligi ko matar da ta daina al'ada ba abin da za a sallama da ƙwayoyin ƙarin jini kawai ba ne, sai an binciki inda jinin yake zurarewa. Rubuta maganin basir sau biyu ko uku ba tare da an duba duburar ba sakaci ne.

Na'urar leƙa hanji ba ta wadata ba, kuɗinta kuma yana da nauyi ga talaka, sai dai ana samunta a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Don haka duk wanda ya ga jini a bahayarsa, ko da sau ɗaya ne, ya je asibiti a duba shi, ya kuma nemi takardar turawa zuwa babban asibiti idan jinin ya ci gaba.