Oba-obar kan ruwa: yadda ake kiran ɗauki inda babu sabis

Duk wanda yake Gusau, Tsafe ko Bungudu a watan Satumban 2021 bai manta lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara ba. Wayarka komai tsadarta sai da turken sabis. Oba-obar kan ruwa, wadda ake kira VHF, ba ta buƙatar turke, layi ko data. Daga na'ura zuwa na'ura take magana kai tsaye.

Wannan na da amfani ga masu kwale-kwale a madatsar Bakolori, ko a Gummi inda jirgin manoma ya kife a Satumban 2024, aka rasa rayuka da dama.

Ga yadda ake amfani da ita:

1. Kunna, ka murɗa maɓallin Squelch har shuuu ɗin ya ɗauke.
2. Koma tasha ta 16, wato 156.8 MHz. Ta gaggawa ce a duk duniya, ba ta hira ba.
3. Danne maɓallin PTT na gefe ka yi magana, sannan ka saki. Muddin kana danne da shi, ba za ka ji amsa ba.
4. Idan rai na cikin haɗari, ce "Mayday" sau 3, ka faɗi inda kake, matsalar, da yawan mutane.

Riƙe eriya a tsaye, domin kilomita kaɗan ta hannu take kaiwa. Abu mafi muhimmanci: sai akwai mai saurare. A ajiye ɗaya a kunne a bakin ruwa kullum. Kuma kafin ka saya, nemi izinin hukuma, ka sanar da jami'an tsaron yankinku.