Tanadin Lambu Kafin Hunturu A Yola Da Jimeta

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a Yola, wajen tsakiyar watan Oktoba, akan sami waɗansu makonni kamar biyar ko shida waɗanda ba damina ba ne, ba kuwa hunturu ba. Ƙasa tana da sauran laima, ciyawa ba ta gama bushewa ba, Kogin Binuwai kuma ya soma ja da baya yana barin yashi da laka a gindin gadar Jimeta. Galibin jama'a ba su kula da wannan ɗan tsakani, domin hankalinsu yana wajen girbi. Amma ga mai lambu, da mai sayar da dashe a bakin titi, da uwargidan da ta jera tukwanen furanni a tsakar gida, cikin makonnin nan ne ake sanin abin da zai rayu ya ga wata damina.

A ƙasashen Turai, irin su Ingila da Jamus, daidai wannan lokaci ne masu lambu kan shiga fargabar daren da raɓa za ta fara daskarewa. Idan sanyi ya kai sifiri a ma'aunin zafi, ruwan da ke cikin ganye yakan zama ƙanƙara ya farfasa naman ganyen daga ciki, gari na wayewa sai a tarar shuka ta yi baƙi ta kwanta. Saboda haka sukan kwashe tukwanen shuka su shigar da su ɗaki, su naɗe na waje da buhu, su rage ban ruwa ƙwarai. Wannan shawara tana cikin littattafan aikin lambu da yawa, yanzu kuma tana yawo a wayoyin hannu, har akan sami mutumin Karewa ko Bekaji ya bi ta sau da ƙafa. Ya rage wa shukarsa ruwa a lokacin da ta fi bukatarsa, ya kulle ta a ɗaki mai duhu, sa'an nan ya ɗora wa sanyi laifi ran da ta mutu.

Ba a ce ƙanƙara ba ta taɓa sauka a ƙasar Arewa ba. A watan Disamba na 1823, Turawan nan biyu masu yawon bincike, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suna kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, sun wayi gari sun tarar ruwan da suka bari a ƙorai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare. Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Haka nan mutanen tsaunin Mambila, wanda ya haura mita 1,500 kuma yana cikin Jihar Gongola tare da Yola kafin a raba ta a 1991, sun san sanyin da ke sa a kwana da wuta a ɗaki. Amma Yola a kwari take. Gaɓar kogin ba ta kai mita 200 bisa teku ba, kuma ko a tsakiyar ɗari, cikin Disamba da Janairu, da asuba ma'auni yakan tsaya nesa da sifiri, da rana kuwa ya haura 30.

Abin da ke kashe shuka a nan ƙishi ne. Iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Hamada, ta ɗebo farar ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta iso babu ɗigon laima a cikinta. Yadda take tsattsage wa mutum leɓe da diddige, haka take zuƙe ruwan ganye. Ganye yana da 'yan ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwa ke fita. Idan ruwan da ke fita ya fi wanda saiwa ke iya jawowa, sai bakin ganyen ya ƙone ya naɗe, kamar an kara shi a wuta. Ƙurar kuma takan kwanta a kansa ta tare haske. Tun da mutum yana rawar ɗari ne sa'ad da ya ga haka, sai ya zaci shukar ma ɗari take ji.

Manoman kwarin Binuwai sun daɗe da gane wannan, kuma babu inda za a ga shaida kamar gonakin masakwa, dawar rani wadda Fulani ke kira muskuwari. A kan baƙar laka mai riƙe ruwa ake noma ta, irin wadda ke tsattsagewa da rani, tun daga wajen Fufore har cikin Kamaru. Ba a shuka ta kai tsaye. Akan yi renon iri tun ruwa bai ɗauke ba, in ƙasa ta tsane sai a share ciyawar filin ƙaf, a huda rami mai zurfi da sanda mai tsini, a zuba ɗan ruwa, a rage tsawon ganyen dashen, a soka shi. Daga ranar ba ta ƙara ganin ruwan sama, amma a kan laimar da ke ƙarƙashi za ta yi kai, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Duk abin da mai lambun gida ke bukatar sani yana cikin aikin nan: saiwa ta nutsa, ganye ya ragu, kada a bar ciyawa ta yi tarayya da shuka a kan ɗan ruwan da ya saura.

Shukar da ke cikin tukunya ita ce mafi wahala, domin ba ta da ƙarƙashin da za ta nutsa. Duk arzikinta ƙasar da ba ta wuce cikin ƙwarya ba, iska kuwa tana dukanta ta kowane gefe. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha, amma ta hanyar tsatsar da ruwa take yin haka, saboda haka takan bushe da wuri. Bokitin roba da baƙar ledar da masu reno ke amfani da ita sun fi riƙe ruwa, sai dai rana na dukansu sai su ɗauki zafi su dafa saiwar da ke jikin bango. Masu sayar da dashe a bakin titunan Jimeta sun san maganin duka biyu, ko da yake ba kullum suke gaya wa mai saye ba: ba su barin leda ɗaya ta tsaya ita kaɗai. Sukan jera su a matse, jiki da jiki, ƙarƙashin rumfar zana ko inuwar darbejiya, ta yadda kowace ke kare 'yar'uwarta. A gida ma haka ya kamata a yi. A tattara tukwane wuri guda a gefen da katanga ta tare iskar arewa da gabas, inda za su sami hantsi su tsere wa ranar azahar. Wanda ke da fili ya tona rami ya binne tukunyar har wuya. Shukar da saiwarta ta cika tukunya har tana leƙowa ta ƙasa, yanzu ne lokacin sauya mata babba, tun iska tana da laima. In an bari sai Janairu, sauyin kansa na iya kashe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun ban ruwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Yayyafin da yara kan yi da buta safe da yamma saman ƙasa kaɗai yake jiƙawa, yana kuma koya wa saiwa zama a sama inda iska za ta same ta. Gara a ba da ruwa mai yawa har ya fito ta hudar gindin tukunya, sa'an nan a dakata sai an soka yatsa an ji ƙasar ta soma bushewa. Da sassafe ya fi, ko bayan la'asar. Ga dashen da ke ƙasa, waɗansu kan binne tulu maras fenti kusa da gindi, su cika shi su rufe bakin, ruwan ya riƙa tsatsa a hankali kwana da kwanaki. Bayan haka sai a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, kaurin kamar yatsu huɗu. Amma a bar tazara tsakanin rufin da jikin itacen, domin gara ma tana neman wurin laima da rani, kuma ba ta bambanta busasshen kara da ɗanyen dashe. Sau ɗaya a mako a wanke ganye, musamman bayansa, saboda ƙura da kuma wani ɗan mitsitsin jan ƙwaro mai saƙa kamar gizo-gizo, wanda ke yaɗuwa idan iska ta bushe.

Abu guda da Bature da Bayole suka yi tarayya a kai shi ne barin taki mai sa ganye. Wanda ya zuba wa furanninsa yuriya a ƙarshen Oktoba zai ga sabon toho mai taushi ya fito da kyau, shi ne kuwa farkon abin da iska za ta ƙone. Tsohon takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai ba shi da wannan illa. Haka kuma babbar sassabe ta jira gabanin damina. Yanzu busassun rassa da marasa lafiya kaɗai za a cire.

Ba kowace shuka ke neman taimako ba, kuma sanin wannan yana rage ɓarnar ruwa. Kuka da zogale sukan zubar da ganye su yi barcinsu, ba mutuwa suka yi ba. Gawo ma sai da rani yake yin ganye. Kariya, wadda yanzu ake sayarwa cikin tukwane da tsada, tana ajiye ruwa a kututturenta, da rani take fure, yawan ban ruwa ne ke ruɓar da ita. Babban mangwaro kuwa sanyin dare da bushewar ƙasa ne ke sa shi fure, wanda ya dame shi da ruwa da taki a Nuwamba ganye zai samu maimakon 'ya'ya. Waɗanda ke bukatar ido su ne ayaba, wadda iska ke yayyaga ganyenta, da gwanda, da ƙananan lemo da gwaiba da mangwaro waɗanda ba su cika shekara biyu a ƙasa ba.

A nan ne asarar ta fi ciwo. Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa, manya su saka dashe a rami, a ɗauki hoto, a watse. Zuwa Fabrairu, abin da ya rage a wurare da yawa sandar da aka kafa ce kurum. Dashen da aka saka a Yuli ko Agusta saiwarsa ba ta yi nisa ba lokacin da ruwa ya ɗauke, kuma da an gama girbi akan saki awaki, waɗanda ba su ganin wani kore a gari sai shi. Kewayen ƙaya ko na kara, da ɗan darni ta gefen iska, da bokitin ruwa biyu a mako, sun isa su fid da shi. Duk wanda ya taɓa neman inuwa a Jimeta cikin Maris ko Afrilu, sa'ad da ma'auni kan wuce 40, ya san abin da itace guda yake nufi a ƙofar gida.

Ga masu lambun kasuwa kuwa, hunturu baƙo ne da ake ɗoki. A bakin Tafkin Geriyo, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda aka kafa a 1976 kuma hedkwatarta ke Yola, take da aikin noman rani, da kuma fadamun da ke bin gaɓar kogi, sanyin dare shi ne jarin manomi. Albasa da latas da kabeji da karas duk a lokacin suke jin daɗi. Tumatir ma haka, domin in zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ba. Saboda haka shirinsu tsere ne da kwanan wata: irin tumatir yakan yi wajen wata guda a wurin reno, na albasa wata ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma dole a dasa da wuri yadda amfanin zai nuna kafin bazara. Wanda ya makara yakan haɗu da zafi, ya kuma haɗu da tsutsar nan mai huda ganye wadda manoman Kano da Kaduna suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir na Arewa a 2016. Kuɓewa da alayyafo kuwa akasin haka ne, sukan yi nawa cikin ɗari, irin shinkafa ma yakan yi rawaya ya tsaya cik sai dare ya soma ɗumi.

Sai dai ba kullum ranar farawa ke hannun manomi ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagado a Kamaru a 1982, janyewar kogi a Jimeta ta dogara ga abin da ya faru a can sama. A 2012 da 2022 ambaliya ta mamaye fadamu da unguwannin bakin kogi a Jihar Adamawa, kuma a irin waɗannan shekaru ƙasa ba ta tsanewa a kan kari. Masu dabara daga cikin manoma ba su jiran fadama. Sukan yi renon irinsu a kan tudu, ko a bayan gida cikin tsofaffin kwanoni da buhunan da aka cika da ƙasa, su yi masa 'yar rumfa da ciyawa, su riƙa ɗage ta kaɗan-kaɗan domin ya saba da rana da iska. Ran da laka ta iya ɗaukar ƙafa, dashensu ya riga ya kai tsawon taƙi, sai a ɗauko shi da yamma a kai shi kwami.