Cinikin Katin 'Yan Wasa: Riba Da Ramin Da Ke Ciki

A cikin watan Agusta na shekarar 2022 aka yi gwanjon wani ɗan kati a ƙasar Amurka, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, aka saye shi dala miliyan 12 da dubu 600. Ba kome a fuskarsa sai hoton Mickey Mantle, wani gwanin besbol, watau wasan nan da Amurkawa ke buga ƙwallo da gora. Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, wanda ya sayar kuwa dala 50,000 ya saye shi a 1991. Irin wannan labari shi ke sa samari su ɗauka an sami hanyar arziki ba gumi. To, amma kafin mutum ya kwance lalitarsa ya kamata ya ji yadda kasuwar take.

Asalin waɗannan katuna ba don ciniki aka yi su ba. Kamfanonin taba sigari ne ke sa su cikin kwali don jawo masu saye, daga baya masu cingam suka ɗauka, yara suna tarawa suna musanya. Da yaran suka girma suka yi kuɗi, sai suka shiga neman abin da suka yi wasa da shi a ƙuruciya, nan kasuwa ta buɗe.

Abu uku ke sa kati ya yi daraja: ƙarancinsa, da sunan ɗan wasan, da lafiyar takardar. Ga misali, tsakanin 1909 da 1911 wani kamfanin taba ya buga katin Honus Wagner, shi kuwa ya hana a ci gaba, saboda haka waɗanda suka rage yau ba su kai ɗari ba. An sayar da ɗaya dala miliyan 7 da dubu 250 a 2022. Har wa yau a shekarar, katin Pele na 1958 ya haye dala miliyan ɗaya, shi ne na farko a ƙwallon ƙafa da ya kai haka.

Game da lafiyar kati kuwa, akwai kamfanoni irin su PSA da ke duba shi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Ɗan lanƙwasa a kusurwa kaɗai kan zubar da yawancin kuɗinsa. Inda kuɗi ya taru kuma ba a rasa algus. A 2013 wani babban dillalin gwanjo, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefen wani katin Wagner don ya ƙara kyau, aka ɗaure shi a 2015.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 Amurkawa da yawa sun sayi katuna akwati-akwati sun ɓoye, suna jiran tsada. Su kuwa kamfanoni da suka ga haka sai suka yi ta bugawa ba iyaka. Abin da kowa ke da shi wa zai saya? Yawancin katunan wannan zamani yau kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Haka kuma aka yi lokacin annobar korona, sa'ad da mutane ke zaune a gida. Katin Michael Jordan na 1986 mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, kafin shekara biyu ya faɗo ƙasa da rabin haka. Wanda ya saya a sama, uwar kuɗi ma ba ta dawo ba.

Ɗan kasuwar da ya saba da lissafin goro ko na shanu zai gane sauran. Saniya tana haihuwa, shago yana kawo haya, amma kati ba ya haifar kome, sai dai a jira wani ya zo ya biya fiye da yadda aka saya. Gidajen gwanjo suna ɗora la'ada wajen kashi 20 cikin ɗari. Mazaunin Ikko ko Ibadan kuwa da dala zai saya, ya biya kuɗin aikawa ƙetare da na dubawa, ga danshin damina na kudu da ba ya barin takarda lafiya. Sayen ƙunshi a rufe, ba a san abin da ke ciki ba, shi kam da caca kusan ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Saboda haka wanda ke son tara katuna don sha'awar ƙwallo, ya yi da rarar kuɗinsa. Amma jarin sana'a, da kuɗin adashi, da abin da iyali ke jira a gida, kada a yi wa rogo kallon kitse a zuba su a nan. Allah ya kiyashe mu da hasara, amin.