Dangin Tsirrai na Urticaceae: Siffofi, Amfani da Matsalar Suna

Urticaceae dangin tsirrai ne mai nau'i fiye da 2,000, wanda masanin tsirrai na Faransa Antoine-Laurent de Jussieu ya keɓe a shekarar 1789. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar ƙonawa, saboda zafin da wasunsu ke sa wa fata.

Akasarinsu ganyayyaki ne masu laushi, ko da yake akwai bishiyoyi a cikinsu. Furanninsu ƙanana ne, ba su da launi mai jan hankalin ƙwari, don haka iska ce ke yi musu barbara. Siffar da aka fi sanin su da ita kuwa ita ce gashi mai harbi. Kowane gashi bututu ne mai tsini. Da an taɓa shi sai kan ya karye, ya huda fata, ya zuba sinadarai irin su histamin, waɗanda ke haddasa ƙaiƙayi da kumburi. Zafin Dendrocnide moroides na Ostireliya yakan ɗauki makonni. Sai dai ba dukansu ke harbi ba.

Dafuwa tana kawar da wannan zafi. Shi ya sa ake miya da shayi da Urtica dioica a Turai, ake kuma cin Urtica simensis a Habasha. Ta fuskar saƙa, Sinawa sun daɗe suna samun zare mai ƙarfi daga Boehmeria nivea, yayin da Jamus ta koma ga zaren Urtica lokacin da auduga ta yi ƙaranci a Yaƙin Duniya na Farko.

Ga mai nazarin Hausa, matsalar tana wajen suna. Karara tana sa ƙaiƙayi, amma 'yar dangin wake ce. Haka kuma sunan ramie da aka san Boehmeria nivea da shi ya yi kama da rama, alhali rama 'yar uwar kuɓewa da yakuwa ce. Masu fassara da masu tsara ƙamus da suka dogara da kamannin sauti ko na illa za su iya haɗa tsirran da ba su da alaƙa, kuskuren da ke da haɗari idan ya shiga rubutun magani ko abinci. Saboda haka, ya kamata a riƙa haɗa sunan Hausa da na kimiyya, bayan an tantance tsiron tare da manoma da masu maganin gargajiya.