Jirgi Marar Matuƙi: Ilimi da Horon da Sana'ar Take Bukata

Sunan da Hausa ta raɗa wa wannan na'ura yana iya ruɗin mai koyo. A gidajen rediyo ana cewa "jirgi marar matuƙi", wasu kuma su ce "kurman jirgi". Idan aka duba da kyau, jirgin ba kurma ba ne, domin ta hanyar rediyo yake karɓar umarni. Haka kuma yana da matuƙi, sai dai matuƙin ba a cikinsa yake ba, yana tsaye a ƙasa ko yana zaune a gaban kwamfuta. Sau da yawa ma ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce ta mutane, kowa da abin da ya karanta. Matasa da dama sun ɗauka sana'ar ita ce a sayi ƙaramin jirgi mai farfela huɗu a riƙa ɗaukar hoton biki da hawan salla. Wannan ma sana'a ce, amma ita ce mafi sauƙin shiga, saboda haka ita ce ta fi saurin cika da jama'a.

Aiki a tashar kai jini

Misalin da ya fi nuna yadda aikin yake rarrabuwa shi ne na kamfanin Zipline na Amurka. Kamfanin ya fara kai jini asibitoci a ƙasar Ruwanda a watan Oktoba na 2016, daga tasharsa ta Muhanga. A watan Afrilu na 2019 ya buɗe tasha a Omenako ta ƙasar Gana, daga baya ya ƙara wasu, ciki har da ta Vobsi kusa da Walewale a arewacin ƙasar. A 2022 ya fara aiki a Jihar Kaduna. Jirgin da aka yi amfani da shi a waɗannan tashoshi mai fiffike ne, yana gudun kimanin kilomita 100 a awa, yana kai kaya nisan kilomita 80 ya dawo, kuma kayan da yake ɗauka bai kai kilo 2 ba.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ma'aikaciyar asibiti ta ga mai haihuwa tana zubar da jini, sai ta aika saƙo ta waya. Wanda zai karɓi saƙon ya haɗa kayan ba makaniki ba ne, mutum ne da ya karanta harhaɗa magunguna ko aikin ɗakin gwaje-gwaje. Shi ne zai tabbatar da rukunin jinin, da ranar da zai daina amfani, da cewa an ajiye shi a sanyin da ya kamata. Daga nan sai ma'aikacin tashi ya ɗora gangar jirgin a kan maharbi, ya haɗa masa fiffike da batir, ya bi jerin abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da an harba jirgin, babu mai riƙe da akalarsa; hanyar da aka tsara masa tun farko yake bi. Wani ma'aikacin yana kallon jirage da yawa a kan allo lokaci guda, yana kuma magana da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Idan jirgin ya isa, ba ya sauka. Yakan saki akwatin ne da 'yar lema, ya juyo gida, inda ƙugiyar da ke wutsiyarsa za ta kama wata igiya da aka miƙe masa. Bayan nan kuma akwai masu gyara da masu cajin batura.

Abin lura a nan shi ne, a cikin duk waɗannan mutane babu wanda ake biya don iya juya jirgi a sama da yatsu. Abin da ake nema gare su shi ne bin ƙa'ida ba tare da tsallake ko ɗaya ba, ko da sau ɗari aka maimaita ta a yini. Wannan hali ya fi wuyar koyarwa a kan tuƙin kansa.

Takardar izini

Sararin sama ba fili ba ne da kowa zai shiga yadda ya ga dama. Ƙaramin jirgi idan ya faɗa injin babban jirgi yana iya jawo asarar rayuka, shi ya sa hukumomin sufurin jiragen sama suka sa hannu a harkar. A Amurka, dokar da ta fara aiki a watan Agusta na 2016 ta ce mai son yin sana'a da irin wannan jirgi ya kai shekara 16, ya ci jarrabawa mai tambaya 60 da maki 70 cikin 100. Tambayoyin sun shafi rabe-raben sararin sama, da yanayi, da karanta taswirar matuƙa. Abin mamaki, ba a gwada ko mutum ya iya tuƙin. Afirka ta Kudu, wadda ta yi tata dokar tun watan Yuli na 2015, ta fi tsanantawa: shekara 18, da shaidar lafiya, da gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawa, da shaidar iya magana ta rediyo da Ingilishi. A Nijeriya kuwa, a 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta sanar da cewa sai an sami izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Akwai ƙa'idojin da kusan ko'ina ake samun su. Kada jirgin ya wuce mita 120 daga ƙasa, kada a kusanci filin jirgin sama, kada kuma ya ɓace wa idon matuƙinsa. Wanda zai tura jirgi inda ido ba ya kaiwa, kamar masu kai jini, sai ya nemi izini na musamman. Takardar wata ƙasa kuma ba lalle ne ta yi aiki a maƙwabciyarta ba. Wanda ya yi horo a Akara ya sami aiki a Yamai, ƙofar farko da zai ƙwanƙwasa ita ce ta hukumar Nijar, kuma da Faransanci zai cika takardun.

Zafi, ƙura da batir

Yawancin littattafan koyarwa an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, inda ake yi wa ɗalibi gargaɗi kan ƙanƙara. Matuƙin Sahel matsalarsa daban ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai da Sakkwato. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka farfela sai ta ƙara juyawa kafin ta ɗaga nauyin da take ɗagawa da asuba, batir kuma ya ƙare da wuri. Batir ɗin na litiyam ne. Kowane ɗaki nasa yana cika a bolt 4.2, idan kuma za a ajiye shi kwanaki sai a sauke shi zuwa wajen 3.8. Wanda aka bari a mota a rana yakan kumbura, wanda ya kumbura kuwa yana iya kamawa da wuta. Da hunturu ƙura takan shiga injina ta cinye su, hazo kuma ya ɓata hoto. Da damina sai a yi hattara da iskar da ke zuwa gaban hadari, wadda ba ta sallama.

A nan masu gyaran wayar hannu da masu naɗin wayar janareta suna da rabin ilimin a hannu. Sun iya liƙa waya da dalma, sun iya auna wuta, sun san ƙamshin abin da ya ƙone. Abin da ya rage musu shi ne al'adar rubutawa: wane batir ne aka yi wa caji sau nawa, wace farfela aka sauya, yaushe. A harkar jiragen sama, gyaran da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

Daga hoto zuwa taswira

Kuɗin wannan sana'a ba a sama yake ba, yana cikin abin da ake yi da hotunan bayan jirgi ya sauka. Idan ana son taswirar unguwa, sai a tsara wa jirgin ya yi ta kai da komo kamar mai huɗa, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kowane hoto yana maimaita kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin da na bayansa ya ɗauka. Kafin nan an riga an shimfiɗa alamomi a ƙasa, an auna matsayinsu da na'urar safiyo. Kwamfuta ce za ta ɗinke hotunan su zama hoto ɗaya, ta kuma fitar da tudu da kwarin wurin. Tashin awa ɗaya yana iya jawo aikin yini biyu a kan tebur. Akwai manhajojin kyauta na wannan aiki, irin su QGIS da OpenDroneMap, saboda haka ɗalibin da ke da kwamfuta yana iya fara koyo tun bai taɓa jirgi ba. Abin da ba a samu kyauta shi ne lissafi da ilimin labarin ƙasa.

An ga amfanin haka a Zanzibar, inda daga 2016 ɗaliban jami'ar tsibirin da ma'aikatan ofishin filaye suka ɗauki hoton tsibiran da ƙananan jirage masu fiffike, da tallafin Bankin Duniya. A Yamai ma Aziz Kountché ya kafa kamfanin Drone Africa Service don irin wannan aiki. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da kogin Kwara ya fasa shinge ya mamaye unguwannin birnin, ya san cewa bambancin rabin mita a tudun ƙasa shi ne tsakanin gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Taswirar da ta yi kuskuren rabin mita ta fi rashin taswira haɗari, domin mutane za su yarda da ita.

Haka abin yake a noma. Akwai jiragen feshi na kamfanin DJI na ƙasar Sin masu ɗaukar lita 40. Amma mai feshin da bai san awon magani ba, bai kuma lura da inda iska ta nufa ba, zai zuba guba a gonar maƙwabci ko a rijiya. Irin wannan ma'aikaci malamin gona ne da farko, matuƙi daga baya.

Game da wurin koyo, abin misali shi ne makarantar da UNICEF ta buɗe a Lilongwe ta ƙasar Malawi a watan Janairu na 2020, wadda jami'ar Virginia Tech ta tsara wa manhaja. Ajin farko ɗalibai 26 ne, 16 daga Malawi, 10 daga sauran ƙasashen Afirka, fiye da rabinsu mata. An koya musu ƙera jirgin, da tuƙa shi, da sarrafa bayanan da ya kawo. Horon na 'yan makonni ne kawai, domin ɗaliban sun zo da iliminsu na kimiyya tun daga jami'a. Gajeren horo ɗori ne a kan wani ilimi, ba ya tsayawa da ƙafarsa.

Mutanen da ke ƙarƙashin jirgin

Akwai darasin da ba ya cikin jarrabawar kowace hukuma. A ƙasar Hausa mutane da yawa sun fara jin labarin wannan jirgi ne a matsayin makami. Amurka ta yi sansaninsa a Agadas har zuwa watan Agusta na 2024. A watan Disamba na 2023 wani jirgin sojan Nijeriya ya kai hari bisa kuskure a kan masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Wanda ya sauka a ƙauye ya tayar da jirgi ba tare da ya gaida kowa ba, kada ya yi mamaki idan mutane suka watse da gudu, ko suka yi masa rotse.

Sannan akwai tsarin gidan Bahaushe. Zaure da katanga an yi su ne don kare idon baƙo, shi ya sa ake rubuta "ba a shiga" a ƙofa. Amma tsakar gida a buɗe take ta sama, haka ma makewayi a gidaje da yawa. Kyamarar da ta bi ta kan unguwa ta shiga kowane gida ba sallama ke nan. Saboda haka kafin a tashi jirgi sai an je wurin hakimi ko mai gari, an sanar da mai unguwa da liman, an faɗi rana da lokaci don mata su sani, an kuma bayyana wanda zai ga hotunan da abin da za a yi da su. Ya fi kyau a nuna wa dattawa allon su ga abin da jirgin yake gani da idonsu.

Wannan aiki na mai harshe ne, kuma ba ƙarami ba ne, domin kalmomin ba su gama zama ba. Farfela da fiffike da batir sun riga sun samu gindin zama. Na'urar da matuƙi yake riƙewa kuwa wasu "rimot" suke ce mata, ko da yake "akala" ta fi dacewa da aikinta. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wajen awo. Idan aka ce "jirgin ya yi nisa", ba a sani ba ko sama ya yi, ko kuwa nesa da matuƙi ya tafi, alhali doka ta ba kowannensu iyaka daban. Dole mai fassara ya raba "nisansa daga ƙasa" da "nisansa daga matuƙi". Ko na farkon ma kashi biyu ne, wato daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ko daga doron teku. A Jos, inda garin kansa ya haura mita 1,000 bisa teku, littafin horon da ya gwama waɗannan biyun zai sa ɗalibi ya karanta adadi ɗaya a allo, ya fahimci wani daban.