Zafin da Ke Kawo Barci da Zafin da Ke Korarsa

Ƙasar Finland, can arewacin Turai inda ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, mutanenta ba su kai miliyan shida ba, amma ɗakunan sauna da ke cikinta sun kai wajen miliyan uku. Ɗaki ne ƙarami da aka lulluɓe da katako, da bencina hawa-hawa da murhu mai tulin duwatsu. Ana hura wuta ko a kunna lantarki har iskar ɗakin ta kai digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyos. Mutum ya shiga ya zauna, jefi-jefi ya ɗebi ruwa da ludayi ya watsa wa duwatsun, tururi ya tashi. Bayan minti goma ko sha biyar sai ya fito ya sha iska mai sanyi, ko ya watsa ruwan sanyi, wasu ma tafki suke faɗawa. A da can a ɗakin sauna matansu ke haihuwa, a nan kuma ake wanke gawa. A 2020 hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Yanzu abin ya bar hannun masu shi. Manyan otal-otal da wuraren motsa jiki sun ɗauka, 'yan kasuwa na sayar da riguna da ɗamarun fitar da gumi, ga kuma bidiyoyi a waya ana ta alkawari: sauna na ninka homon girma, tana ƙara ƙarfin namiji, tana narkar da teɓa, tana fitar da guba, tana kawo barci. Wasu daga cikin maganganun nan suna da tushe, wasu kuwa romon baka ne. Mutumin da ke zaune a ƙasar da rana ke dafa shi kyauta ya fi kowa bukatar ya bambance su.

Da mutum ya shiga irin wannan zafi, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata sukan buɗe, jini ya kwararo waje don ya sauke zafin da ya ɗauko. Zuciya takan ƙara sauri, ta kai bugu 100 zuwa 150 a minti, kamar mai tafiya da sassarfa. A zama ɗaya mutum kan zubar da gumi kusan rabin lita. Gumin nan shi ne kariyar jiki, don yadda tulu ke sanyaya ruwa da raɓar da ke tsattsafowa ta bushe a bayansa, haka gumi ke ɗauke zafi idan ya bushe a fata. Abin da sikeli ya nuna ya ragu bayan an fito ruwa ne, da an sha ruwa ya dawo. Tace guba kuwa aikin hanta da ƙoda ne. Gumi kusan dukansa ruwa ne da ɗan gishiri.

Binciken da ya ɗaga sunan sauna a duniyar likitoci daga yankin Kuopio na Finland ya fito, ƙarƙashin Farfesa Jari Laukkanen, aka buga shi a 2015. An bi diddigin maza 2,315 'yan shekara 42 zuwa 60 har fiye da shekara ashirin. Masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako, haɗarin mutuwar fuju'a ta bugun zuciya ya ragu musu da kashi 63 cikin ɗari idan aka gwada su da masu shiga sau ɗaya. Lissafi ne mai daɗin ji, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Maza ne zalla, waɗanda tun suna yara suka saba da sauna, a ƙasa mai tsananin sanyi. Kuma masu binciken kallo kawai suka yi, ba su raba mutane gida biyu sun gwada ba. Mai iya shiga sauna kullum wataƙila dama can ya fi lafiya, ya fi hutu, ya fi abin hannu. Da wuya a tsame rabon sauna daga rabon waɗannan.

Homon sinadarai ne da wasu ƙananan gaɓoɓi ke tsiyayarwa cikin jini su kai saƙo sassan jiki. Gaskiya ne zafi na motsa su. Noradiranalin, wanda ke shirya jiki idan ya ga haɗari, yakan ninka. Homon da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa da gishiri sukan tashi. Furolaktin, mai kawo ruwan nono, shi ma yakan hau har a jikin maza. Wato jiki ya ji an matsa masa, yana kare kansa, kuma cikin 'yan sa'o'i komai ya koma mazauninsa.

Zancen ninkin homon girma sau goma sha shida da ake yayatawa, asalinsa wani ɗan gwaji ne da masana a Jami'ar Oulu suka buga a 1986. Mutum goma sha bakwai ne kacal, kuma abin da aka sa su yi babu mai hankalin da zai ɗora wa kansa: awa guda cur cikin digiri 80, sau biyu a rana, har kwana bakwai. An ga hauhawar, amma bayan kwana uku ta fara ja da baya saboda jiki ya saba. Masu tallar ba sa faɗin wannan kashin. Irin wannan ɗan tsalle na awa ɗaya ko biyu bai isa ya gina ƙwanji ko ya ƙara wa yaro tsawo ba.

Maza su ƙara sauraro a nan. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna sauna na ƙara testosteron, homon mazakuta, ta hanya mai ɗorewa ba. Abin da suka nuna a fili shi ne illarta ga maniyyi. Allah ya rataye 'ya'yan maraina a wajen jiki ne domin aikinsu na bukatar su fi sauran jiki sanyi da digiri biyu zuwa uku. A Jami'ar Padova ta Italiya an ɗauki maza goma masu lafiyayyen maniyyi, suna shiga sauna minti 15, sau biyu a mako, tsawon wata uku. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna yawan ƙwayoyin maniyyinsu ya faɗi, kuzarin motsinsu ya ragu, alhali homon ɗinsu bai canza ba. Sai da aka yi wata shida da dainawa kafin komai ya daidaita. Jinkirin ba abin mamaki ba ne, tunda ƙwayar maniyyi kan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ta nuna. Mutum goma ba su da yawa, amma sakamakon ya zo daidai da abin da aka daɗe ana gani a jikin masu aiki gaban wuta da masu dogon zama a kujerar mota. Wanda ke neman haihuwa ya je sauna neman ƙarfi, ya kula kada garin neman gira ya rasa ido. Kuma abin takaici, idan haihuwa ta yi jinkiri, matar ake fara kaiwa asibiti, ba a tambayar mijin inda yake yini.

Batun barci shi ne inda sauna ta fi samun hujja, kuma hujjar tana cikin abin da ke biyo bayan zafin. Idan dare ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki homon melatonin, jijiyoyin tafin hannu da na ƙafa su buɗe, zafin cikin jiki ya sauka kaɗan. Wannan saukar ita ce ke buɗe wa barci ƙofa. Wanda ya ɗumama fatarsa sannan ya fito wuri mai sanyi ya taimaka wa jikinsa ya zubar da zafi da sauri. Masana a Jami'ar Texas da ke Austin sun tattara gwaje-gwaje a 2019, suka ga wanka da ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 42.5, ko da na minti goma ne, idan an yi shi awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, yana rage jiran barci da kusan minti goma. Wanka suka auna, ba sauna ba. A kan sauna kanta, wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta intanet da aka buga a shekarar ta samu fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu amsawa sun ce barcinsu ya gyaru, sai dai masoya sauna ne aka tambaya. Wanda kuma ya fito daga zafi ya faɗa gado nan take, zuciya na dukan uku-uku, zai daɗe yana juyi.

Mutumin Finland yana fita daga zafinsa ya tarar da sanyi na jiransa a bakin ƙofa. Mai kwana a ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu, babu wuta babu fanka, bangon bulo na amayar da zafin da ya sha da rana, ba shi da ƙofar fita. Jikinsa na son sauke zafi, iskar ɗakin ta ƙi karɓa. A 2022 masu bincike ƙarƙashin Kelton Minor na Jami'ar Kopenhagen suka duba bayanan agogon hannu masu auna barci na mutum fiye da 47,000 a ƙasashe 68. Sun gano a daren da zafi ya haura digiri 30 barci kan ragu da kimanin minti 14, kuma zafin dare na cinye wa mutum wajen awa 44 na barci a shekara. Tsofaffi da mata sun fi jin jiki, mazauna ƙasashe matalauta kuma asararsu ta ninka ta masu arziki kusan sau uku.

Zafi ya fi cin barci mai nauyi, wanda a cikinsa ne jiki ke sakin mafi yawan homon girma, a farkon dare. A Jami'ar Chicago an taƙaita wa samari goma barci zuwa awa biyar a dare na mako guda, testosteron ɗinsu ya faɗi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. An buga wannan a 2011. A ganina, duk mai damuwa da homon ɗinsa a ƙasa mai zafi, kuɗin da zai kai wa mai sauna gara ya sa su a silin, ko fanka mai caji, ko gidan sauro mai kyau da zai ba shi damar kwana a tsakar gida. Wanka bayan isha'i, buɗe tagogi da rana ta faɗi, yayyafa wa zanin rufa ruwa, da barin shayi mai kauri da dare, duk sun fi gumin da aka saya amfani.

Sauna kuma tana kisa. A garin Heinola na Finland an yi shekaru ana gasar daɗewa a cikinta. A 2010, a zagayen ƙarshe cikin digiri 110, ɗan Rasha Vladimir Ladyzhensky ya mutu bayan kimanin minti shida, abokin karawarsa Timo Kaukonen ya ƙone ƙwarai. Daga nan aka rufe gasar. A mace-macen sauna na yau da kullum a ƙasar, kusan rabi akwai giya a ciki. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, da mai ciwon ƙirji da ke tasowa ko yana zaune, da mai yawan jiri ko faɗuwar jini, da mai zazzaɓi ko gudawa, duk su ƙaurace mata. Mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, ya tambayi likitansa tukuna. Mai azumi ba shi da ruwan da zai mayar. Mace mai ƙaramin ciki ita ma ta haƙura, domin hawan zafin jiki zuwa digiri 39 a makonnin farko yana da alaƙa da tawayar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri. Rigunan leda da ake sawa a yi gudu kuwa sun fi sauna muni, don suna hana gumi bushewa, su toshe hanyar da jiki ke huce kansa. Mai lafiya da ke son gwadawa ya fara da minti biyar zuwa goma, ya sha ruwa kafin da bayan, kada ya shiga shi kaɗai, ya fito da zarar ya ji jiri ko tashin zuciya. Wanda ya rikice ko ya suma a zafi, a fitar da shi, a kwarara masa ruwa ana fifita, a garzaya asibiti, kada a ɗura masa komai a baki.

Mu ma muna da namu zafin da muke sa kanmu da gangan. Akwai surace, inda mai mura ko zazzaɓi ke lulluɓa a kan tukunyar ganye. Yana sassauta toshewar hanci, amma ba ya kashe ƙwayar maleriya, kuma yara da yawa sun ƙone da ruwansa. Sai wankan jego, safe da yamma har arba'in, a wasu wurare da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, ga kunun kanwa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Zariya sun yi nazarin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ɗora zargi kan haɗuwar zafi da gishirin kanwa. Daga baya wani bincike da Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, aka buga a 2020, bai samu wanka da kunun a matsayin sanadi mai zaman kansa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da hawan jinin ciki, da rashin karatu da sana'a. Wannan bai mayar da tafasasshen ruwa abin wasa ba ga matar da ta zubar da jini ko take da hawan jini. A surka ruwan ya zama mai ɗumi, a rage kanwa, kada a bar garwashi a rufaffen ɗaki saboda iskarsa mai kisa ce kuma ba ta da wari. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki da ɗan motsi, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko tari ke tayar da ita da dare, a dakatar da wankan a kai ta asibiti a ranar.