Ƙofar Sadarwa ta Uwar Garke: Daidaita Ta da Gano Cutarta

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ya taso daga Turawa, a ƙaramar hukumar Karaye, ko daga wani ƙauye na Rogo, makomarsa tana rataye ne da wata babbar na'ura da ke ɗakin jarrabawa, wadda ke ba sauran kwamfutocin tambayoyi, ta kuma karɓi amsoshi. Ita ce ake kira uwar garke, ma'aikata kuma su ce saba. Irinta ce ke riƙe da lissafin albashi da ajiyar bankuna. Idan aiki ya tsaya akan ce wa jama'a "ba natwok", alhali kuwa sau da yawa cutar tana cikin ginin, a wata 'yar ƙofa da ke bayan na'urar. Wannan lacca za ta bayyana aikin ƙofar, da yadda ake daidaita ta, da tsarin da ake bi a gano abin da ya same ta.

Mece ce ƙofar sadarwa?

Kamar yadda baƙo ba ya shiga gida sai ta zaure, haka saƙo ba ya shiga uwar garke ko ya fita sai ta wani kati mai ramin da ake cusa waya. Yawancin katunan nan suna bin tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago a kamfanin Xerox na Amurka a 1973. Kowane kati yana zuwa da lambar haihuwa mai haruffa da alƙaluma 12, watau MAC, amma wannan ba ta isa ba sai ma'aikaci ya faɗa masa abubuwa huɗu.

Na farko shi ne adireshi, watau IP, wanda a tsohon tsari rukuni huɗu ne na lambobi, kowanne daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.10. Ƙananan kwamfutoci aron adireshi ake ba su duk sa'ad da aka kunna su. Uwar garke kuwa dole nata ya zauna daram, domin ita kowa ke nema. Na biyu shi ne iyakar unguwa, lambar da ke nuna mata waɗanne na'urori ne maƙwabta. Na uku ƙofar gari, watau na'urar da ake miƙa wa duk saƙon da zai fita waje. Wasiƙar da za a kai maƙwabci a Turawa hannu da hannu ake ba da ita, amma wadda za ta Kano sai an kai ta tasha. Na huɗu shi ne kundin sunaye, watau DNS, mai juya sunan da mutum ya rubuta ya zama lamba.

Gano cuta daki-daki

Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa a hau sama, kada a taɓa mataki na gaba sai an tabbatar da na baya.

Da farko a duba 'yar fitilar da ke bakin ramin. In ba ta kama ba, laifin na waya ne, ko na akwatin da ke rarraba wayoyi, ko na wutar lantarki. Wayar tagulla ba ta kai saƙo lafiya in ta wuce mita 100. Har ila yau ƙurar hunturu tana toshe ramuka, ɓera yana cin waya a cikin silin, tsawar damina kuma tana ƙona kati.

Sa'an nan a tambayi na'urar ko ta ga katin, da kuma saurin da yake gudu. Katin da ya kamata ya yi megabit 1,000 yakan faɗo zuwa 100 in ɗaya daga cikin silin waya takwas ya tsinke. Aiki ba ya tsayawa, sai dai ya riƙa jan ƙafa.

Mataki na uku shi ne adireshi. Mafi wuyar ganewa a nan ita ce na'ura biyu su ɗauki lamba ɗaya. Alamarta ita ce sadarwa ta zo ta ɗauke ba dalili, domin saƙo yana zuwa wannan gida yanzu, an jima ya tafi wancan.

Na huɗu a yi sallama da umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Ana aika ɗan gajeren saƙo a saurari amsa: ga maƙwabciya tukuna, sa'an nan ƙofar gari, sa'an nan wata na'ura ta nesa. Inda amsa ta yanke, nan cutar take. In kuwa lamba ta amsa amma suna bai amsa ba, to, kundin sunaye ne ya kamata a bincika. Sai bayan duk wannan ne ya dace a zargi kamfanin sadarwa.

Rigakafi

Manyan ma'aikatu sukan haɗa kati biyu su yi aiki kamar ɗaya, kowanne da wayarsa, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya ɗauka. Wajibi ne kuma a adana duk gyaran da aka yi, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta zai bi ta. Mai gyara daga nesa ya tuna cewa ta ƙofar da yake gyarawa ya shigo. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuskuren umarni ya yanke Facebook daga duniya na kusan awa shida, har sai da injiniyoyi suka je wurin na'urorin da ƙafarsu. A nan gida, a watan Mayu 2025, JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'urori a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ta shafi ɗalibai kusan 380,000, aka sake musu jarrabawa.

Kammalawa

Abin da ake bukata ga ma'aikaci shi ne bin tsari da rubuta abin da ya yi: lambar kowane kati, ramin da wayarsa ta shiga, ranar da aka canja wani abu da sunan wanda ya canja. Shugaban ofis ba sai ya iya gyara ba, amma yana da ikon tambaya a wane mataki aka tsaya, ya kuma nemi a nuna masa littafin. Ofishin da ke da wannan littafi yakan gano cutarsa da wuri, kafin mutumin da ya biya kuɗin mota daga Turawa ya koma gida hannu rabbana.